Shin na makara da shiga ƙungiyar masu busa rikoda?

Wata baiwar Allah da ke zaune a wani gari a arewacin Ingila ta aiko da tambaya. Maƙwabciyarta ta gayyace ta ƙungiyar masu busa rikoda, sarewar nan da ake koya wa yara a firamare. Suna haɗuwa a ɗakin taron unguwa suna busa abin da suke kira tsohon kiɗa. Ita rabonta da rikoda tun tana aji huɗu, yanzu kuwa ta haura hamsin. Tana so ta san ko abin ba wasan yara ba ne, mene ne tsohon kiɗan, wace iri za ta saya, kuma ko gara ta yi shekara tana koyo a gida kafin ta je ta ɓata wa mutane busa.

Malama, zan fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce mai iya hana ki zuwa gaba ɗaya. Kada ki zauna a gida shekara guda. Ki ɗauki wata ɗaya ko biyu ki tuna wa yatsunki inda ramuka suke, ki ɗan saba da karanta rubutun kiɗa, sannan ki shirya ki tafi. Yatsu a gida ake horar da su, amma kunne da numfashi sai a cikin mutane, kuma su biyun nan ne jarin mai busa a ƙungiya. Na daɗe ina jagorantar irin waɗannan taruka, kuma sabon shiga bai cika ba ni wahala ba. Wanda ke sa ni gumi shi ne mutumin da ya yi shekaru yana busa shi kaɗai a ɗakinsa. Yatsunsa na gudu, ya haddace shafuka, amma bai taɓa jiran kowa ba, bai taɓa rage iska don wani ba. Irinsa sai an sha fama kafin ya gane akwai mutane a gefensa.

Batun wasan yara kuwa, na san inda ya samo asali. Rikoda tana da sauƙin fitar da sauti, kuma sauƙin nan ne ya jawo mata raini. A cikin bakinta akwai matoshi wanda ya bar wata 'yar siririyar hanya. Iskar da kika hura tana bin hanyar ta je ta daki kaifin da ke bakin 'yar tagar nan ta sama, ta rabu biyu, sauti ya tashi. Aikin da mai sarewar makiyaya yake daɗewa yana koya wa leɓɓansa, karkata kara da saita iska har ta yarda ta yi magana, wanda ya ƙera rikoda ya riga ya yi miki shi. Shi ya sa yaro ɗan shekara shida zai ɗauka ya busa nan take. To sai a tara yara cike da aji, a miƙa wa kowa mafi tsinin murya a cikin dangin, kowa ya hura iya ƙarfinsa. Abin da kunnenki ya riƙe daga aji huɗu ke nan, kuma ba laifin sarewar ba ne.

Na ce dangi, don rikoda ba guda ba ce. Wadda kika sani ita ce soprano, tsawonta bai fi santimita 32 ba. Yayarta alto ta kai kusan 47, tena ta haura 60, bas kuwa ta tasam ma mita guda. Akwai ƙanana ƙasa da soprano, akwai kuma manya sama da bas, har da waɗanda sai an dasa su a ƙasa mai busa ya zauna a bayansu. A Ingila za ki ji suna ce wa soprano descant, alto kuma treble, kada ya rikita ki. Dukkansu tsarin ramuka ɗaya ne: bakwai a gaba, ɗaya a baya na babban yatsan hagu. Idan kika toshe duka, soprano da tena suna ba da sautin da ake kira C, alto da bas suna ba da wanda ake kira F. Ma'ana motsin yatsu iri ɗaya ne, sunan sautin da ke fita ne ya bambanta. Duk mai son ya daɗe a harkar nan sai ya koyi tsarin biyun, amma ba a rana ɗaya ba.

Akwai wani abu da sababbi ba su cika sani ba. Rukunin rikodan nan guda huɗu yana fitar da sauti oktaf guda sama da muryoyin mutane masu waɗannan sunaye, wato tazarar da ke tsakanin do da do na gaba a jerin do-re-mi. Sautin ƙasa na tena daidai yake da C ta tsakiyar fiyano, wurin da muryar mace take yawo. Kunne ne yake yaudarar mutum ya ji kamar ta fi haka kauri, kuma masanin kiɗa Bajamushe Michael Praetorius ya lura da wannan tun a littafinsa na kayan kiɗa na 1619. Abin da wannan ke nufi gare ki shi ne soprano tana can ƙololuwa, a inda ƙaramin kuskure yake huda kunne. Soprano biyu da suka saɓa da juna kaɗan sun isa su hana ɗaki zaman lafiya. Ƙungiyar mutum ashirin ba ta buƙatar fiye da biyu ko uku. Saboda haka shawarata ki sayi alto ko tena.

Tena tana da fa'ida guda babba a wajenki: yatsunta irin na soprano ne, don haka abin da kika koya a firamare zai dawo miki kai tsaye, ga murya mai taushi. Matsalarta faɗin hannu. Ramukan hannun dama suna da tazara, kuma mata da yawa, da ma maza masu gajerun yatsu, suna jin ciwo a wuyan hannu bayan minti kaɗan. Kada ki saya sai kin riƙe. Ki roƙi wata a ƙungiyar ta ba ki tata ki ɗora yatsu, ki ga ko ƙaramin yatsanki yana kai wa ramin ƙarshe ba tare da kin murɗe hannu ba. Akwai masu 'yan maɓallan ƙarfe da ke rage tazarar, akwai kuma masu lanƙwasasshen wuya da ke matso da jikin sarewar kusa da mai busa. Idan duk da haka hannun ya ƙi, ki koma alto ki koyi tsarin F daga tushe. Ba asara ba ce, don yawancin abin da manyan marubuta kiɗa Handel da Telemann suka rubuta wa rikoda ita kaɗai na alto ne.

Ki sayi ta roba, kuma ki yi haka ba tare da jin kunya ba. Robar Yamaha ko Aulos ko Zen-On mai kyau ta fi katako mai araha daidaiton sauti nesa ba kusa ba, kuma ana wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu. Za ki tarar da mutanen da suka shekara talatin suna busa, amma bas ɗinsu ta roba ce. Abu biyu kawai za ki kiyaye. Na farko tsarin yatsu. Akwai wanda ake kira na Barok ko na Ingilishi, akwai na Jamus, wanda ya ɓullo a shekarun 1920 lokacin da Peter Harlan ya sa aka riƙa ƙera rikoda masu araha a can. An canza girman ramuka don sauti na huɗu ya yi wa yara sauƙi, sai aka biya kuɗin sauƙin da lalacewar wasu sautukan, musamman F mai ɗagowa da rabin mataki, wato tazarar da ke tsakanin maɓallin fiyano da na kusa da shi. A ƙungiya na Barok ake amfani da shi. Ki duba rami na huɗu da na biyar daga sama: idan na huɗu ƙarami ne na biyar ya fi shi girma, ta Barok ce. Idan akasin haka ne, ki ajiye musu kayansu. Wasu kamfanoni suna buga harafin B ko G a jikinta. Na biyu, idan ta hannu za ki saya, ki tabbata an saita ta a kan 440 ko 442, wato lambar da ke nuna tsayin sautin da aka ƙera ta a kai. Akwai kyawawan rikoda da aka ƙera a kan 415 don masu kwaikwayon sautin ƙarni na 18, sun yi ƙasa da sauran da rabin mataki, kuma ba yadda za ki yi ki haɗu da 'yan ƙungiyarku da irinsu.

Yanzu ga tsohon kiɗan. A bakin mutanen nan, kalmar tana nufin kiɗan Turai daga zamanin da Turawa ke kira tsakiyar zamani zuwa wajen 1750, shekarar da shahararren marubucin kiɗa Bach ya rasu. Amma abin da ƙungiyar unguwa ta fi ci da sha a kai shi ne na ƙarni na 16 da farkon na 17. Rikoda ta girmi wannan lokacin. An tono guda a ramin ganuwar wani tsohon gida kusa da Dordrecht a Holan, wadda ake jingina ta ga ƙarni na 14. A wancan zamanin an raba kayan busa gida biyu: masu ƙara na fili da fada, irin su ƙaho da wata 'yar'uwar algaitarmu, da masu sanyin murya na cikin ɗaki. Rikoda tana cikin na biyun. Sarakuna sun riƙe ta da daraja. Da Sarkin Ingila Henry na Takwas ya mutu a 1547 aka lissafa kayansa, an sami rikoda 76. Shi ne ya kawo 'yan'uwan nan na gidan Bassano daga Venis wajen 1540, suna ƙerawa suna busawa a fadarsa, zuriyarsu ta ci gaba da aikin shekaru da dama.

Sai dai abin da ya shafe ki ba fada ba ne, ɗab'i ne. Tun da maɗaba'in nan Petrucci ya fara buga rubutun kiɗa mai muryoyi da yawa a Venis a 1501, sai kasuwa ta buɗe wa 'yan kasuwa da lauyoyi da iyalansu, mutanen da ke son su yi kiɗa da kansu bayan cin abincin dare. Sau da yawa ba a haɗa muryoyin a shafi ɗaya, kowace murya da ɗan littafinta. Littafin waƙoƙin John Dowland na farko kuwa, na 1597, an tsara shafinsa ne ta yadda idan aka shimfiɗa shi a tebur, kason kowa yana fuskantar inda yake zaune. A shekarar dai Thomas Morley ya buɗe littafinsa na koyon kiɗa da labarin wani saurayi da ya je cin abinci gidan mutane. Da aka gama, uwargida ta fito da littattafan waƙa ta miƙa masa nasa, ya ce bai iya ba, sai aka hau raɗa ana tambayar wace irin tarbiyya aka yi masa. Talla Morley yake yi wa hajarsa, wannan ba shakka, amma ba zai yi tallar da ba wanda zai gane ta ba. Kiɗan nan an buga shi ne don irinku, mutane masu sana'arsu da suka taru da yamma.

Gaskiya guda da ya kamata ki sani ita ce kaɗan ne daga cikinsa aka rubuta wa rikoda musamman. Mawallafan lokacin ba su cika faɗin abin da za a yi kiɗan da shi ba. Anthony Holborne, a tarin raye-rayensa 65 masu muryoyi biyar na 1599, cewa ya yi a yi su da kayan goge ko da kayan busa, duk wanda aka samu. Pierre Attaingnant a Faris yana cikin 'yan ƙalilan da suka yi alama, a 1533, cewa waƙa kaza ta dace da rikoda, kaza kuma da sarewar gefe. Don haka idan kin ga kuna busa waƙar da asalinta ta mawaƙa ce, ba ha'inci kuke yi ba, haka aka saba tun can.

Abin da ya sa na fi son kiɗan wannan zamanin ga masu koyo shi ne yadda aka saƙa shi. A yawancin kiɗan da muke ji yau, murya ɗaya ce take ɗauke da kari, sauran suna yi mata rakiya. A nan kuwa, musamman a irin wanda ake kira fantasiya, kowace murya tana da nata karin. Tena ta fara da 'yar jimla, kafin ta ƙare alto ta ɗauki jimlar daga sama, bas ta shigo da ita daga ƙasa, soprano ta zo ƙarshe. Idan kin taɓa ganin mata uku suna lugude a turmi ɗaya, kin san abin: kowace taɓarya tana sauka ne a gurbin da 'yar'uwarta ta bari, kuma wadda ta daina sauraro ita za ta jawo karo. Layin kowa shi kaɗai ba wuya gare shi ba, sau da yawa bai wuce sauti tara ko goma ba, ba gudu ba tsalle. Daɗin yana cikin haɗuwar. A ɗakinki za ki busa layin tena ki ce wannan wane irin abu ne marar gishiri, sai ranar da kika ji shi a tsakanin sauran ukun.

Da wuya a fara ki da fantasiya. Kusan kowace ƙungiya tana ɗumama jiki da raye-rayen Tielman Susato, wanda ya buga su a Antwerp a 1551, ko na Praetorius na 1612, da suka haura 300. A irin waɗannan kowa yana tafiya tare, gajerun sassa ne ana maimaita kowanne. Pavan tafiyar ƙasaita ce mai bugu bibbiyu, galiyad kuma mai bugu uku-uku ce da tsalle a ciki. A galiyad ne za ki fara cin karo da wata dabara da suke so ƙwarai: ana tafiya uku-uku biyu, sai kwatsam a juya su zama bibbiyu uku, tsawon lokacin bai canza ba amma nauyin ya koma wani wuri. Kada ki tsaya lissafi a wurin, ki saurari bas, ita take nuna hanya.

Lissafi dai shi ne abin da zai fi kayar da ke a watannin farko, fiye da yatsu. Asalin littattafan ba su da layukan nan da ke yanka rubutu gida-gida, editocin zamani ne suka saka su don sauƙi, kuma sau da yawa jimlar ba ta damu da su ba, tana tsallake su ta ci gaba. Ga shiru mai tsawo da za ki ƙirga kafin ki shigo. Kuskuren sauti yana wucewa cikin daƙiƙa, kuskuren ƙirga kuwa yana bin mutum har ƙarshen shafi. Idan kin ɓata, kada ki ɗaga hannu a tsaya. Ki cire sarewar daga baki, ki bi layin da ido, ki leƙa yatsun wadda ke kusa da ke, ki koma ciki a inda kika gane. Ki je da fensir, ki rubuta lambar gidaje, ki sa alama a inda za ki ja numfashi. A babbar ƙungiya mutum uku ko huɗu ne a kan layi ɗaya, don haka ki gaya wa jagora ke sabuwa ce ya zaunar da ke kusa da wadda ta ƙware. Kuma idan yana magana, ki bar gwajin sauti. Wannan ɗabi'ar ta fi kowane kuskure ɓata wa jagorori rai.

Sai babban al'amari, numfashi. A rikoda, idan kin ƙara iska sautin ba ƙara kawai yake yi ba, hawa yake yi. Idan kin rage, ya sauka. Saboda haka daidaiton sautinki yana cikin ƙirjinki a kowane lokaci, ba abin da za a saita sau ɗaya a manta ba ne. Bari in kwatanta miki abin da za ki gani da idonki. An kai ƙarshen pavan, kowa ya riƙe sautinsa na ƙarshe, sai ki ji ɗakin yana wani karkarwa, wuu-wuu-wuu, har da wani gunji a ƙasa wanda ba wanda ya busa shi. Jagora zai ɗaga hannu. Zai ce bas su ba da do su riƙe. Sai ya ƙara masu do na sama, a jira har su narke cikin na ƙasa. Sai masu busa sautin so. Idan wannan ya zauna, sai ya juyo ga masu mi, ya ce su shigo a hankali, su rage iska, su ƙara ragewa. Za ki ji karkarwar tana yin sanyi, tana jinkiri, sai ta tsaya cak, sautin ya buɗe ya cika ɗakin ba tare da kowa ya ƙara ƙarfi ba. Dalilin shi ne mi da ke zama lafiya da do tana ƙasa da mi ta fiyano da kusan kashi 14 cikin 100 na rabin mataki. Na'urar saita sauti da ke wayarki za ta ce kin yi ƙasa, alhali ke ce daidai. Wannan ba ya koyuwa daga littafi ko daga waya. Sai kin zauna a cikinsa sau da yawa har jikinki ya riƙa gyarawa kafin ki yi tunani.

Tunda ba a iya ƙara da ragewa sosai, da me ake sa wa busar rai? Da harshe. Kowane sauti ana fara shi da taɓa harshe a bayan haƙoran sama, kamar za ki ce du ko tu, kuma ana rufe shi da harshen, ba a barinsa ya zube. Silvestro Ganassi, wanda ya buga littafin koyon rikoda a Venis a 1535, ya ce burin mai busa shi ne ya kwaikwayi muryar ɗan Adam, ya kuma jera gaɓoɓi irin su te-re da le-re don sautuka su fito wani mai nauyi wani marar nauyi. Mu da muke da ra mai kaɗawa a harshenmu, du-ru-du-ru ba ya ba mu wahalar da yake ba Turawan Ingila. Sautin da kike so ya fito fili ki ba shi cikakken tsawonsa, na kusa da shi ki ɗan gajarta. Sautukan ƙasa suna son iska mai ɗumi a hankali, irin wadda ake hura wa madubi. Na sama suna son iska siririya mai sauri, tare da ɗan buɗe ramin baya da gefen babban yatsa, 'yar kafa kaɗan ba rabi ba. Idan sauti ya yi ƙara ko ya fashe a ƙasa, kafin ki zargi sarewar ki duba yatsu, kusan kullum wani rami ne bai rufu ba. Da tsokar yatsa ake rufewa, ba da tsininsa ba.

Don aikin gida, bayan layukan ƙungiya, ki nemi tarin kiɗan Jacob van Eyck. Makaho ne, shi ke kula da ƙararrawar birnin Utrecht, kuma a 1649 an ƙara masa albashi bisa sharaɗin ya riƙa busa wa masu shan iska a harabar majami'ar Janskerk da yamma. Tarinsa, wanda aka fara bugawa a 1644, yana da karin waƙoƙi wajen 140. Kowanne yana farawa da karin a sauƙaƙe, sai a maimaita shi ana farfasa dogayen sautuka zuwa ƙanana, har a kai inda sai gwani. Ki busa na farkon kawai, ki bar sauran sai shekaru masu zuwa. Da soprano ko tena duk yana yiwuwa.

Kina iya mamakin yadda sarewar da sarakuna suka tara ta koma hannun 'yan firamare. A ƙarshen ƙarni na 17 maƙeran Faransa, ciki har da gidan Hotteterre, suka sake mata fasali, suka raba ta gida uku, ta sami oktaf biyu da ɗoriya. Irin wannan ce za ki saya. Bach ya sa guda biyu a kiɗansa na Brandenburg na huɗu. Amma da ƙungiyoyin makaɗa suka girma, aka koma son ƙara da ragewa, sai sarewar gefe ta ture ta, ta yi fiye da shekara ɗari kusan ba a jin ɗuriyarta. Arnold Dolmetsch, wani makaɗi mai ƙera kayan kiɗa a Ingila, shi ne ya sayi wata tsohuwa ƙirar maƙerin nan Bressan a 1905. A 1919 ɗansa Carl, yana ɗan shekara bakwai, ya manta jakar da take ciki a tashar jirgin ƙasa ta Waterloo, dole uban ya zauna ya ƙera wata. Daga nan aka fara bikin tsohon kiɗa na garin Haslemere a 1925, Edgar Hunt ya shigar da ita makarantun Ingila a shekarun 1930, aka kafa ƙungiyar masu busa rikoda ta ƙasar a 1937, ta Amurka kuma a 1939. Ta Ingilan tana da rassa a garuruwa da yawa har yau, kuma ba mamaki taron maƙwabciyarki reshenta ne ko yana da alaƙa da ita. Wato farfaɗowar tun farko a hannun masu sha'awa ta tashi, ƙwararru irin su Frans Brüggen da David Munrow daga baya suka zo.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma gara ki ji daga gare ni. Kaso mai yawa na kiɗan ƙarni na 16 na coci ne, irin na Byrd da Palestrina da Victoria. Ana busa shi ba kalmomi, kuma yawancin masu busawar ba ibada suka zo yi ba, saƙar muryoyin suke so. Haka nan ƙungiyoyi da dama suna hayar ɗakin taron coci ne don ya fi araha, a watan Disamba kuma sukan juya ga waƙoƙin Kirsimeti. Ki tambayi maƙwabciyarki abin da suka fi busawa da inda suke zama, ki yanke wa kanki hukunci da saninki. Raye-raye da waƙoƙin duniya kaɗai sun ishi ƙungiya shekaru, kuma ban taɓa ganin an ɗaure wa wani fuska don ya ce zai zauna wannan ya wuce ba.

Ɗakunan taron nan sanyi gare su, kuma rikoda mai sanyi tana yin ƙasa, tana kuma tara raɓa a hanyar iska har muryarta ta dishe. Ki sa kanta a aljihu ko a hammata minti biyar kafin a fara. Idan ta dishe a tsakiyar busa, ki zuƙe danshin baya da sauri, ko ki rufe tagar da tafin yatsa ki hura da ƙarfi sau ɗaya, amma kada farce ya taɓa kaifin nan, don idan ya ɓantare sarewar ta gama aiki. Ɗigon sabulun wanke kwanuka da aka tsarma da ruwa, a zuba a hanyar iskar a bar shi ya bushe, yana rage matsalar. Idan bayan ta yi ɗumi kin fi kowa sama, ki ɗan zaro kan milimita ɗaya ko biyu, kada ya wuce haka.

Ranar da kika ga za ki sayi ta katako, bayan shekara ɗaya ko biyu, ki gwada da yawa kafin ki zaɓa, Moeck da Mollenhauer da Küng duk sanannu ne. Sabuwa ba a busa ta fiye da minti 10 zuwa 15 a rana a makon farko, ana ƙarawa sannu a hankali har wata guda ko fiye, don itacen ya saba da danshi. Ana shafa wa cikinta man almon lokaci-lokaci, ban da matoshi da hanyar iska. Idan za ki zo gida ganin dangi da hunturu, ki bar ta a Ingila ki taho da ta roba, don bushewar iskar Kano a Janairu tana iya tsaga ta.

A zuwanki na farko, idan aka tashi shan shayi, ki tambaya ko ƙungiyar tana da bas ta aro. Da yawa suna da guda a kabad ba mai busawa, don mutane suna tsoron koyon karanta layin ƙasa. Aikin 'yan makonni ne, sautukanta dogaye ne ba gaggawa, kuma idan kin fara da alto yatsun iri ɗaya ne. Ki wanke kanta da ruwan ɗumi da sabulu kafin ki kai baki, ki roƙi a ba ki aronta zuwa taro na gaba tare da layin bas na raye-rayen Susato biyu ko uku.